Yaron shago: albashi ke riƙe shi ko sallama?

Mai Shadda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, na kuma san ba ni kaɗai ba ne. Ina da shagon yadi a Kantin Kwari, da yara huɗu a ƙarƙashina. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na ƙara musu kuɗin mota da na abinci, da Sallah ina yi musu ɗinki, wanda ya kwanta rashin lafiya ni ke sayen magani. Duk da haka babbansu, wanda mukullin shago ke hannunsa, wanda ya san kwastomomina tun daga Maiduguri har Agadas, ya zo ya durƙusa ya ce zai tafi. Ba mu yi faɗa ba, bai taɓa mini ko sisi ba. Ya koma wajen wani a layin bayanmu, kuma na bincika, abin da ake ba shi can bai kai wanda nake ba shi ba. Sauran ukun kuwa jikinsu ya yi sanyi, sai na yi magana sau biyu kafin a kwance dila. Ku gaya mini don Allah, me ke sa yaro ya zauna ya yi aiki da zuciya ɗaya? In kuɗi ne, ai na ƙara.

Ɗan Singa:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka yi mini afuwa, ni yaron shago ne har yanzu, a kasuwar Singa. Tambaya ɗaya gare ni. Shi wannan da ya tafi, kun taɓa zama ka faɗa masa lokacin da za ka sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarsa?

Mai Shadda:
Ya san ina da niyya. Rana ce ba mu sa ba, saboda kasuwa ba ta daidaita ba.

Ɗan Singa:
To ranka ya daɗe, nan gizo ke saƙa. Wannan kalma ta "sai kasuwa ta daidaita" babu yaron shagon da bai ji ta ba, kuma duk mun san kasuwa ba ta taɓa daidaita ba tun da muka buɗe ido. Bari in gaya maka abin da ke cikin ran yaro irina. Da safe shi ke buɗe shago, shi ke share gaba, shi ke rarrashin kwastoma mai taurin ciniki, shi ke bin bashi har ƙauye. Da daddare in ya kwanta sai ya fara lissafi: wane da muka fara tare ya samu tebur nasa, wane ya yi aure, ni kuma har yanzu in zan sayi takalmi sai na ce "Alhaji a taimaka". Kuɗin motar da ka ƙara masa na yau ne, yau ɗin zai cinye shi. Abin da yake nema shi ne ya ga gobensa. Ina da tabbacin wanda ya ɗauke shi bai fi ka kyauta ba, sai dai ya ce masa ka yi mini kaza, in ba ka kaya ka tsaya da ƙafarka. Su kuma ukun da suka rage, da idonsu suka ga wanda ya fi su daɗewa da amana ya fita hannu rabbana. Ta ina jikinsu zai yi ƙarfi?

Mai Hatsi Dawanau:
Ɗan Singa, kai naku ɓangaren kawai ka faɗa. Ka faɗi na iyayen gida mana. Yaran yanzu ka bar su da shago, kwastoma ya tsaya yana sallama, su suna kan waya. Wani ya ba kwastoma lambar asusunsa maimakon ta shago, sai an zo lissafi a ce an manta. Wani cacar ƙwallo ta cinye shi. Ni an yi mini, buhunan waken suya suka yi ƙafa a sito, kuma yaron da na ɗauko daga garinmu na riƙe kamar ɗan cikina ne. Mu da muka taso, shekaru muka yi ana aikenmu ba mu taɓa tambayar ranar sallama ba. Haƙuri ya kai mu inda muke.

Ɗan Singa:
Baba, ban musa ba, akwai ɓata-gari a cikinmu. Amma ku da kuka yi haƙuri, ai an sallame ku ɗin. Shi ya sa haƙurin ya yi rana. Yanzu fa akwai masu furfura a gemu da har yau ake ce musu yaron wane.

Mai Shadda:
Ku lura da wani abu. A da mutum zai sallami yaronsa da dila biyu da ɗan lungu a kasuwa, ya wadatar. Yau kuɗin hayar shago a Kwari kaɗai ya isa ya karya ƙaramin ɗan kasuwa, ga dala ta hau, kayan da muke saro daga Sin sun ninka. In na cire jarin sallama daga shagona a wannan hali, ni da shi duka za mu durƙushe. Ba mugunta ba ce.

Hajiya Mai Abinci:
Alhaji, sannu da haƙuri. Ni zan shigo ta wata ƙofa, don ba kowane ma'aikaci ke jiran sallama ba. Ina da gidan abinci, yawancin masu yi mini aiki mata ne, wasu zawarawa masu marayu. Su babu ruwansu da buɗe nasu wurin, abin da suke so a biya su a kan lokaci kuma kada a ci mutuncinsu.

Akwai wata baiwar Allah da ke tuƙa mini tuwo. Kafin kiran assalatu tana gaban murhu, hayaƙi na shiga idonta, hannunta duk tabon ƙuna. In kwastoma ya ce tuwon yau ya yi gudaji, ba na kiranta gaban jama'a. Sai an watse, mun zauna muna tsince shinkafar gobe, in ce "Iya, garin nan ne bai yi laushi ba ko wuta ce ta yi yawa?" Sau da yawa ita za ta gaya mini inda matsalar take, wani lokaci ma mai niƙa ne ya cuce mu. Ranar da aka yaba miya kuwa, a gaban kowa nake faɗin wadda ta yi ta. Kuma ranar Alhamis da yamma kowa na karɓar kuɗinta, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, don na san Juma'a akwai cefane, akwai kuɗin makarantar allo. Masu gidajen abinci sun sha zuwa zawarcin matar nan da ƙarin kuɗi, ba ta tafi ba.

Ina ganin yadda wasu iyayen gida ke yi a kasuwa, mutum ya zagi yaronsa ta uwa ta uba a gaban baƙo, da yamma ya miƙa masa dubu biyu ya ɗauka ya wanke. Wallahi bai wanke ba. Ban ce kai haka kake ba, Alhaji.

Mai Shadda:
Hajiya, zagi dai ba halina ba ne. Faɗa kam ina yi in an yi ba daidai ba.

Akanta:
Maganar Hajiya da ta Ɗan Singa ba su saɓa ba, kuma masana harkar gudanarwa sun daɗe da lura da wannan. A 1959 wani Ba'amurke mai suna Frederick Herzberg ya fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh: yaushe ka ji daɗin aikinka, yaushe ka ji ya fita ranka? Sai ya ga amsoshin sun rabu gida biyu. Abubuwan da ke ɓata rai su ne ƙarancin albashi, mugun shugaba, wurin aiki mara kyau, dokoki marasa kan gado. In ka gyara su, ƙorafi zai ragu, amma ba su ke sa mutum ya zage damtse ba. Abin da ke sa shi zage damtse daban ne: a ba shi amana, a yaba in ya yi, ya ga yana ci gaba. Alhaji ya gyara kashi na farko, na biyun ne ya rage.

Kada kuma a fahimce ni cewa kuɗi ba komai ba ne. Shi Herzberg mutanen da cikinsu ya ƙoshi ya tambaya. A nan mai albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, ko ka yabe shi safe da yamma, hankalinsa na kan kwanon masara. Henry Ford ya gane haka a Janairun 1914, lokacin da ya mayar da ladan yini dala 5 a masana'antar motarsa, fiye da ninkin abin da yake biya, ya kuma rage awannin aiki daga 9 zuwa 8. Ba tausayi ya sa shi ba. A 1913 sai da ya ɗauki mutum sama da 50,000 don ya riƙe guraben da ba su wuce 14,000 ba, saboda ma'aikata na shigowa suna gudu. Koyar da sabo kullum ya fi ƙarin albashi tsada. Alhaji, ka lissafa kwastomomin da za su bi yaron nan zuwa layin baya, ka ga ko ba su fi kuɗin sallamarsa ba.

Mai Hatsi Dawanau:
Mu bar zancen Turawa, Malam Akanta. Su suna da doka mai aiki. Kai dai gaya mini yadda zan yi da ɓarawo.

Akanta:
Baba, zan gaya maka, amma ka yi haƙuri da abin da zan ce. Yawancin shagunanmu babu littafi. Kuɗin shago da na cefanen gida aljihu ɗaya suke. Maigida ya ɗebi kuɗi a aljihun tebur ya tafi ɗaurin aure bai rubuta ba, ɗansa ya zo ya ɗauka, ƙaninsa ya ɗauki kaya bashi. Ƙarshen wata an ga giɓi, sai ido ya koma kan yaro. Rashin lissafi ɓarawo yake rufa wa asiri, mai gaskiya kuma ya shafa masa kashin kaji. A sa na'urar POS da asusu da sunan shago, a liƙa lambar a bango inda kowa zai gani. A ƙirga kaya a ƙayyadadden lokaci, maigida da yaro tare, kowa ya sa hannu. Abin da maigida ya ɗauka shi ma a rubuta. Yaron kirki zai fi kowa murna da wannan tsari, domin shi ne shaidarsa.

Malamin Zaure:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, ina so in tunatar da mu cewa addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. A fiƙihu, ɗaukar mutum aiki ijara ce, kuma sharaɗinta a san lada, a san aikin ko muddarsa. "Zauna da ni, wata rana zan yi maka alheri" ba lada sananne ba ne. Shekaru na tafiya, maigida na ganin ciyarwa da tufatarwa sun isa, yaro na ganin ana tara masa wani abu, kowa da lissafinsa a zuci. Ranar rabuwa sai a ji "butulu" daga nan, "azzalumi" daga can, alhali tun ranar farko aka gina abin a kan duhu.

Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito kowa ya haddace shi, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda ya fi shi tsoratarwa yana cikin Bukhari: mutum uku Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, bai ba shi ladansa ba. Game da faɗa kuma, Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba.

Shi ma yaro akwai nasa. Amana ce a hannunsa, lokacin da yake kan waya kwastoma na tsaye, lokacin maigida yake ci. Baba Mai Hatsi yana da gaskiya a nan.

Alhaji Mai Shadda, ka ce jarin sallama zai karya ka. Akwai hanya tsakanin riƙe yaro har abada da yanke jari ka miƙa masa kyauta, ita ce ƙirali. Kai ka ba da jari, shi ya yi juyi, riba ku raba a kan kason da kuka amince tun farko, rabi ko sulusi ko yadda kuka ga dama. In an yi asara ba da sakacinsa ba, jarinka ne ya ragu, shi kuma wahalarsa ta tafi a banza. Ba a yanka wa ɗayanku adadi tsayayye, kaso ake faɗa. Jarinka na nan naka, shi kuma yana tara nasa daga ribarsa har ya tsaya.

Na Maradi:
Malam ya faɗi abin da muka gada. Nan Maradi manyan alhazai da yawa barori suka fara. Tsakanin ubangida da baransa akwai matakai da kowa ya sani: ka fara da ɗaukar kaya, sai a fara aikenka Kano ko Kwatano da kuɗi, sai a ba ka kaya ka kai kasuwannin ƙauye ka kawo uwar kuɗi ka riƙe abin da ya hau, ubangida ya yi maka aure, daga baya ka zama kai ma ana zuwa gaishe ka. Kuma darajar ubangida a gari ba yawan sitonsa kaɗai ba ce, ana duba mutum nawa ya tayar. Abin da na ga ya lalace, can da nan, shi ne an riƙe rabin tsarin an yar da rabi. Ana son biyayyar bara irin ta da, ba a son nauyin ubangida irin na da. Albashin zamani kuma ba a biya cikakke.

Baba Mai Fansho:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ko da yake ni ban taɓa kasuwanci ba, aikin gwamnati na yi har na ajiye. Ina ƙaramin ma'aikaci aka yi Udoji. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka ƙara albashi, aka biya bashin watanni a dunƙule. Mutane suka sayi babura da rediyo, 'yan kasuwa suka ƙara wa komai kuɗi, ba a jima ba ƙarin ya narke. Abin da mutane suka manta shi ne rahoton ba albashi kaɗai ya ƙunsa ba. Ya yi maganar a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, a horar da shi, a gyara yadda ake gudanarwa. Aka ɗauki kuɗin aka bar gyaran.

Sai 1975, zamanin Janar Murtala, aka sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu a rediyo suka ji sunansu. Akwai masu laifi a ciki, akwai kuma waɗanda ba a saurare su ba. Darasin da na baya suka ɗauka shi ne kujerar nan ba tabbas, tara naka tun da wuri. Ina ganin daga nan wani abu ya karye a aikin gwamnati.

Amma abin da na ga ya fi kashe zuciyar ma'aikaci a tsawon aikina shi ne ƙarin girma na son kai. Kana zuwa ƙarfe takwas, fayil ba ya kwana a teburinka, sai a ɗauko wanda ba ya zuwa sai ranar albashi a ɗora maka shi saboda ɗan wane ne. Daga ranar za ka ga mai ƙwazon nan ya koma zaman gindin bishiya. Alhaji, ka duba shagonka, ko akwai ɗan uwa da ka fifita a kan wanda ya fi shi aiki? Ba sai ka amsa mini a nan ba.

Mai Shadda:
Baba, zan amsa. Ɗan yayata na shagon, kuma shi nake bari a kan kuɗi in na yi tafiya. Jinina ne, in ya ci ma gida ya ci.

Ɗan Singa:
Alhaji, mukulli a hannun wani, kuɗi a hannun wani. Shi mai mukullin me aka gaya masa ke nan?

Malama Mai Alli:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi, kuma abin da ake faɗa a kan shago yana faruwa da mu, har ya fi. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, daga 30,000 na 2019. Mu a labarai muka ji. Akwai abokan aikina masu digiri da ba sa ɗaukar rabin 70,000 ɗin, in an yi dogon hutu kuma babu ko kwabo, wai ba a karɓi kuɗin makaranta ba. Ka makara minti kaɗan a yanke maka, albashi ya makara sati biyu ba mai ba ka haƙuri.

Duk da haka abin da ya fi yi mini ciwo ba wannan ba ne. Ni ke tsaye gaban yaran nan kullum, na san wanda bai iya haɗa baƙi ba, na san littafin da bai dace da su ba. Ba a taɓa tambayata ba. Sai dai a kira taro a karanta mana abin da aka yanke, in ka ɗaga hannu a ce kana da taurin kai. Yanzu na daina ɗagawa. Ina koyarwa saboda yaran da kuma tsoron Allah, amma duk ranar da na samu wani wuri zan tafi.

Akanta:
Malama, Allah ya kawo mafita. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa yawancin shaguna da ƙananan makarantu ke zamewa. Amma Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da farawa: irin aikin, lada, lokacin biya, hutu, da wa'adin sanarwa in za a rabu. Wanda ya shekara 5 ko fiye, sanarwar wata guda ce. Kun ga doka da fiƙihu sun haɗu a wuri ɗaya, a fayyace tun farko.

Injiniya Sharaɗa:
Maganar Malama ta taɓa ni. Ina aiki a wata masana'anta, kuma mai kula da inji yakan ji sauyin ƙararsa kwana da kwanaki kafin ya lalace. In ya san za a ce masa "wa ya tambaye ka", ko a ɗora masa laifin, shiru zai yi har injin ya tsaya, a yi asarar miliyoyi. A masana'antun Toyota akwai igiya a gefen layin haɗa mota, ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala yana da ikon ja, shugaban sashe ya taho da gudu, in ba a warware ba layin ya tsaya. Ba a hukunta shi, so ake ya ja. Mu a nan mai kawo labarin matsala shi ake fara tuhuma, don haka kowa ya koyi cewa "lafiya lau, ranka ya daɗe".

Mai Hatsi Dawanau:
Duk na ji. Amma ku sani in ka sakar wa yaro fuska da yawa, gobe shi zai gaya maka farashin da za ka sayar. Dole a san waye maigida.

Hajiya Mai Abinci:
Alhaji Mai Hatsi, ai sauraro ba ya rage girma. Ni ke yanke hukunci a wurina, kowa ya sani, kuma na kori wadda na kama tana zuba nama a jaka ba tare da na ɗaga murya ba. Amma wadda ke gaban tukunya ta fi ni sanin itacen da ke hayaƙi. In ban tambaye ta ba ni na yi asara.

Tela Fagge:
Mu a ɗinki abin ya zo da sauƙi ta wani gefen, don kowace riga da kuɗinta, wanda ya ɗinka goma ba zai karɓi na mai biyar ba. Amma mu ma muna da tamu cutar. Maigida ya ɓoye wa yaro yanka. Ya koya masa haɗi da kashe baki da sa aljihu, amma almakashi ba zai bar shi ya taɓa ba, don kada ya iya ya gudu. Yaron kuma ya gane, sai ya je wani wuri ya koya a ɓoye, ya tafi da haushi. Wanda ya koya mini, Allah ya jiƙansa, da kansa ya ɗora hannuna a kan shaddar kwastoma mai tsada ya ce yanka, in ta ɓaci ni zan biya. Hannuna na rawa na yanka. Bayan na buɗe nawa, duk azumi in aiki ya yi masa yawa ni ke kwana ina rage masa, har ya bar duniya. Yanzu 'ya'yansa nake yi wa.

Mai Shadda:
Malamin Zaure, ina son ƙarin bayani a kan ƙiralin nan, don akwai na biyu a cikin yarana da ya kai a fara masa wani abu. In na ware masa yadi na wani adadi ya riƙa kaiwa kasuwannin ƙauye, ya halatta? Kuma kuɗin mota da abincinsa a kan wa?

Malamin Zaure:
A mazhabar Malikiyya jarin ƙirali kuɗi ne, ba kaya ba, saboda ƙimar kaya na hawa da sauka, sai a rasa mene ne uwar kuɗi ranar rabo. Ka ba shi kuɗi sananne ya saro da kansa. In kuma kayanka kake so ya sayar, to ku yi ta a matsayin ijara ko dillanci, a faɗi ladansa. Guzurin tafiya, in tafiyar ta kasuwancin ce kuma jarin na da kauri, daga cikin dukiyar ake fitarwa gwargwadon al'ada. In yana gari kuwa, cinsa na kansa. Ku rubuta, ku sa shaidu biyu. Zai fi kyau ka zauna da malamin da ke kusa da kai ku bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya kafin kuɗi ya fita.

Mai Hatsi Dawanau:
In ma za ka yi, sulusi ya ishe shi. Jarin naka ne, asarar ma taka ce.

Ɗan Singa:
Baba, wanda zai kwana a mota ya bi kasuwar Ɗambatta da ta Wudil da ta Maigatari, rana da ruwa, sulusi ya yi kaɗan in jarin ƙarami ne. A fara da rabi, in jari ya yi kauri a sake zama. Kuma Alhaji, cikin shaidun a sa mutum ɗaya daga shugabannin layinku, ɗaya kuma daga dangin yaron, kada duka su zama mutanenka.

Akanta:
Rabi ko sulusi, ku fara yarda a kan abin da ake cirewa kafin a kira saura riba: mota, dako, haraji, da bashin da ya maƙale a hannun kwastoma. A nan ake yawan samun saɓani. Alhaji, in kana so, gobe bayan Azahar zan turo maka yadda ake tsara shafin littafin, shigar kaya a hagu, fita a dama, ka nuna wa Malam ya duba.

Mai Shadda:
Turo, Allah ya saka da alheri. Bashin da ya maƙale ɗin nan shi ne babba a harkar yadi, don rabin cinikinmu na ƙauye bashi ne. Malam, in yaron ne ya ba da bashin da izinina aka cinye, a kan wa yake?

Malamin Zaure:
In da izininka ya bayar kuma bai yi sakaci wajen zaɓen wanda ya ba ba, a kan jari yake. In ba ka ba shi izini ba, shi zai biya. Shi ya sa izinin ma a rubuta shi, da iyakar adadin da zai iya bayarwa.